Su Wa Ke Tsaye Bayan Mdou Moctar?

Turawan Ingila suna da wata ɗabi'a game da ƙungiyoyinsu na kiɗa wadda mu ba mu da ita. Suna rubuta wanda ya shigo da wanda ya fita, da shekara da wata, kamar yadda muke rubuta jerin sarakuna. Masoya Deep Purple, ƙungiyar da aka kafa a 1968, har lamba suke ba kowane zubi na mutanenta, zubi na ɗaya, zubi na biyu, su kwana suna musu a kan wanne ya fi. A Rolling Stones, Brian Jones da ya haɗa ƙungiyar a 1962 ya bar ta a 1969, suna bai bi shi ba. A Pink Floyd ma abin har kotu ya kai: Roger Waters ya fita a 1985, ya nemi a hana sauran amfani da sunan, daga ƙarshe aka sasanta sunan ya zauna hannun waɗanda suka rage. A wurinsu sunan ƙungiya dukiya ce, shi ya sa ake tsare tarihin masu hannu a cikinta.

A ƙasar Hausa suna na mai waƙa ne shi kaɗai. Kowa ya san Shata, amma tara mutum goma a tasha ka ce su faɗa maka sunan masu kalangun da suka bi shi shekara da shekaru, ka ga yadda za a yi tsit. Alhali cire kalangu da amshi daga waƙar Shata ka ji abin da zai rage. In ban da irin su Ɗan Maraya Jos, wanda daga shi sai kuntiginsa, babu babban makaɗin da ya yi suna shi ɗaya. Musa Ɗanƙwairo kansa a bayan mahaifinsa ya fara, sannan a bayan wansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Da bai fito gaba ba, da yau muryarsa tana cikin kaset muna jin daɗinta ba mu san mai ita ba.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shi ne, jihar Tawa tana da ƙungiyar da duniya ta sani a yau, kuma a ƙasashen waje sunan Mdou Moctar ya daina zama na mutum ɗaya, ya zama na mutum huɗu. Samarinmu suna da waƙoƙinsa a waya, amma kaɗan ne za su iya cewa ga mai ganga, ga mai jita ta biyu. Kuma a ganina, in kana son ka gane yadda kiɗan nan ya tashi daga Azawak ya kai Amurka, bayan Mdou za ka duba. Duk lokacin da na bayan nan suka sauya, kiɗan ma sauyawa ya yi.

Sai an ɗan koma baya kafin a zo kansa. Jitar Abzinawa ƴar fari ce da gudun hijira. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, samari suka watsu zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi. Ana ce musu ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aiki, kuma sunan ya bi kiɗan da suka ƙirƙira. A can Tamanrasat, ƙarshen shekarun 1970, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa ƴan Mali suka fara abin da ya zama Tinariwen. Tinariwen ba ta taɓa zama ƙungiya mai ƙayyadaddun mutane ba. Wanda yake nan ya ɗauki jita, wanda ya tafi kiwo ko yaƙi a ci gaba ba shi. Wasu sun rasu, kamar Inteyeden a 1994 da Japonais a 2021, wasu sun ware sun kafa Terakaft, ga ƙananan da aka haifa bayan kafa ta sun shigo, kuma har yau sunan yana nan. A Nijar, wanda ya riƙe wannan tuta shi ne Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Bayan abin da ya faru a Cintabaraden a watan Mayun 1990, inda harin da aka kai wa hukuma ya jawo martanin soja da ya ci rayukan fararen hula, tawaye ya ɓarke, kaset ɗin Abdallah suka zama abin ɓoyo. Sai bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 jita ta fito fili, ta shiga gidajen biki.

A cikin wannan zamani Mahamadou Souleymane ya tashi, wanda aka fi sani da Mdou Moctar. An haife shi tsakiyar shekarun 1980, ɗan ƙasar Cintabaraden da Abalak ne. Gidansu gidan addini ne, ba sa son kiɗa. Ganin Abdallah Oumbadougou yana wasa shi ya sa masa sha'awa, ya sami katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Bahago ne, abin da ya ƙara masa wahala a wurin da jitar ma sai an yi aro. Ya je Libiya ci-rani kamar sauran tsaransa, ya dawo.

Abokan kiɗansa na farko da duniya ta ji ba mutane ba ne, na'urorin Sakkwato ne. A 2008 ya bi hanyar da duk ɗan Adar ya sani, Ƙonni, Illela, Sakkwato, ya shiga situdiyo ya ɗauki waƙoƙin da aka tara da sunan Anar. Lokacin nan waƙoƙin fim na Hausa suna kan ganiyarsu, kuma situdiyon da ke yin su ba ya buƙatar mai ganga. Fiyano da kwamfuta su ke ba da kiɗa, ga na'urar nan mai lanƙwasa murya ta koma kamar ta ƙarfe. Haka aka yi wa Mdou. Waƙa da Tamajak, jita ta ishumar, amma rigar da aka sa mata ta nanaye ce. Wannan wuri ya kamata mu Hausawa mu lura da shi, domin marubutan waje sukan ba da labarin kamar daga rairayin sahara kiɗan ya faɗo. Abin da ya fara fitar da Mdou daga cikin ɗaruruwan masu jita na arewa shi ne dabarar masu waƙar fiyano, waɗanda manyanmu ke yi wa kallon ƴan wasan yara.

Ba kamfanin da ya fitar da Anar a lokacin. Ta Bluetooth da katin memori ya yi yawo, daga waya zuwa waya, daga tasha zuwa tasha, har ya ƙetare zuwa arewacin Mali. Waƙar da ke yawo a waya kuwa ba ta da bango balle a rubuta sunan wanda ya kaɗa ko wanda ya haɗa sauti. A Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin Portland, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane ya ci karo da "Tahoultine". Ya sa ta cikin faifan Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma yi ta cigiya har ya gano mai ita. Da ya zo Nijar ya kawo masa jitar bahagwai ƙirar Fender.

Faifai na gaba, Afelan, a 2013 ya fito, kuma a Cintabaraden aka ɗauke shi, ana wasa kai tsaye. Wanda ya saurari Anar sannan ya saurari Afelan zai yi zaton mutum biyu ne. Na'urar Sakkwato ta tafi, ga tafi, ga muryoyin mutane, ga lasifika tana kuka don an ƙure ta. Wannan shi ne kiɗan da ake yi a biki, kuma a nan ne ƙungiya irin tamu take. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin bikin Abzinawa a Agadas ko Abalak ya san tsarin: janareto yana ƙara a gefe, an shimfiɗa tabarmi, jita tana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Mai ganga yau yana bayan wane, gobe yana bayan abokin hamayyarsa, domin wanda ya sami bikin shi ke kiran mutane. A irin wannan kasuwa tambayar su wa ke cikin ƙungiyar ba ta da ma'ana sosai. Fim ɗin da Kirkley ya shirya da Mdou a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda ya fito a 2015, kan wannan gasa ta masu jita aka gina shi, duk da cewa an ari ƙashin labarin daga Purple Rain na Prince. (Sunan ya yi tsawo ne don an rasa kalma ɗaya ta wannan launi a Tamajak, sai aka ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mu ma da Hausa sai mun yi irin wannan kewaye.)

Cikin duk masu shiga da fita akwai mutum ɗaya da ya zauna, Ahmoudou Madassane. Tun wajen 2008 yake riƙe wa Mdou jita ta biyu. Aikinsa ba ya ɗaukar ido, shi ya sa nake son in daɗe a kansa. Kiɗan ishumar ba ya yawan sauya gaɓa kamar na Turawa. Jita ta biyu tana kama zango ɗaya ta yi ta maimaita shi, minti bakwai, minti goma, ba ragi ba ƙari, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya. A kan wannan shimfiɗa ne mai jita ta gaba yake samun damar tashi sama ya yi yawo ya dawo. In shimfiɗar ta motsa, duk gwanintar na gaba ta zama hayaniya. Turawa suna yaba saurin yatsun Mdou, suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, kuma ya cancanta. Amma sa kunne a ƙarƙashin wannan gudu, za ka ji hannun Ahmoudou bai gusa ba.

Shi kuma ba ɗan rakiya kawai ba ne. Shi ne jarumin fim ɗin Zerzura na 2017, shi ya yi kiɗansa. Ta hannunsa kuma labarin ya haɗu da wata ƙungiyar ta jiharmu, Les Filles de Illighadad, ƴan matan wani ƙauye a yankin Abalak. Fatou Seidi Ghali ƴar'uwarsa ce, da jitar gida ta koya wa kanta kiɗa a lokacin da ake ganin jita ta maza ce, tende kuma, wato turmin da ake rufe wa baki da fatar akuya, shi ne na mata. Faifansu na farko a 2016 ita da Alamnou Akrouni ne. A Eghass Malan na 2017 Ahmoudou ne ke riƙe musu jita ta biyu. Da tafiye-tafiyen Mdou suka yi yawa, sai ga Abdoulaye Madassane a wannan gurbi, ga kuma Amaria Hamadalher daga Agadas, kamar yadda aka ji a faifan da suka ɗauka a Buruklin ya fito a 2021. Cikin shekara biyar ƙungiyar ta sake fuska fiye da sau ɗaya, babu kotu babu jarida. Yawanci a gida ake cike gurbi, ɗan'uwa ya maye ɗan'uwa.

A 2017 Mdou ya yi Sousoume Tamachek a Portland shi kaɗai, shi ne jita, shi ne amshi, shi ne kiɗan. Faifai ne mai sanyi, kuma shi ne na ƙarshe da za a ce na mutum ɗaya ne.

Ilana, wanda aka ɗauka a Ditroit ya fito a 2019, shi ne faifai na farko da aka shiga situdiyo da cikakkiyar ƙungiya: Mdou, Ahmoudou, Aboubacar Mazawadje a kan ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a kan jitar bas mai kaurin murya. Mazawadje bai daɗe ba bayan wannan, Souleymane Ibrahim ya karɓi gangunan. Da wannan zubi na huɗu aka yi Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na Amurka ya fitar a watan Mayun 2021, kuma tun daga nan ba a sake sauya kowa a faifan ƙungiyar ba. Sauyin mai ganga ba ƙaramin abu ba ne. Souleymane yana da wata ɗabi'a ta ƙara wuta a hankali, waƙa ta fara da tafiyar raƙumi ta ƙare da sukuwa, ba ka san lokacin da aka sauya ba. Saurari waƙar "Afrique Victime" kanta daga farko zuwa ƙarshe, rabin abin da ke tayar maka da tsikar jiki daga hannunsa yake fitowa.

Shigowar Coltun ita ce aka fi yi wa magana. Akwai masu cewa an sa Bature ne don kiɗan ya shiga kunnen Turawa, an mai da jitar ishumar rok. Ban yarda da rabin wannan magana ba. Ƙarar da kukan lasifika suna nan a Afelan tun kafin a san shi, bikin Agadas ne ya haife su. Kuma mutumin bai zauna a Buruklin yana jira a kawo masa kiɗa ba. Jirgi yake hawa zuwa Yamai, ya shiga motar Agadas, kusan kilomita 1000, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ya ratsa Tawa da Abalak a kan hanyar nan ta yuraniyom da duk mun san halinta, ya je ya yi wasa a biki kamar kowa. Inda maganar take da gaskiya shi ne, shi ke haɗa sautin faifan, shi ke kula da harkar tafiya, kuma wanda ke zaune gaban na'ura yana da iko a kan abin da duniya za ta ji. Ikon da mai situdiyon Sakkwato ya riƙe a 2008 ya koma hannun ɗan ƙungiya. Ko wannan ci gaba ne ko hasara, ya danganta da wane faifai ka fi so. Ni dai har yanzu Afelan nake komawa.

Me ya sa ƙungiyar da ta fito daga al'adar kowa-ya-zo-ya-kaɗa ta daskare a kan mutum huɗu? A Ingila abin da ke sauya mutanen ƙungiya yawanci rigima ce, ko kuɗi, ko ƙwaya, ko mutuwa. A nan takarda ce ke yanke hukunci. Mai zuwa wasa Amurka ko Turai sai da fasfo da bizar aiki, kuma da suna ake neman ta, watanni kafin tafiya. Ba za ka ce mai gangarka ya tafi ƙauye ba, ga ƙanensa. Kowane ƙarin mutum ƙarin kuɗin jirgi ne da masauki. Saboda haka wanda ya sami shiga cikin huɗun nan rayuwarsa ta sauya, wanda ya yi shekaru yana kaɗawa a biki bai shiga ba yana nan inda yake, ko da ya fi iyawa. Tal National ta Yamai, wadda Almeida ya kafa a 2000, ta bi wata hanyar: ta tara makaɗa da yawa har tana iya rabuwa biyu ta yi wasa wuri biyu a dare ɗaya, sunan na ƙungiya ne ba na mutum ba. Amma ita ma in za a fita waje kaɗan ake zaɓa.

Takardar da ta haɗa su huɗu ita ce kuma ta kusa raba uku da gida. Ranar 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, daga baya aka rufe sararin sama, ga takunkumin CEDEAO. Mdou da Ahmoudou da Souleymane suka maƙale, iyalansu suna nan, har sai da masoyansu suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A lokacin sun riga sun gama ɗaukar Funeral for Justice, wanda bai fito ba sai Mayun 2024. Wannan ya kamata a riƙe, domin wanda ya ji "Oh France" zai iya zaton bayan juyin mulki aka yi ta don bin iska, alhali ta riga shi. A cikin faifan akwai "Imouhar", kira ga Abzinawa su riƙe harshensu, damuwar da duk malamin da ke koyarwa a ajin da yara ke magana da harshe uku ya san ta.

Cikin wannan zaman jira suka shiga wani situdiyo a Buruklin suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako, ba lantarki, suna zaune wuri ɗaya. Shi ne Tears of Injustice da ya fito a Fabrairun 2025. Da hanya ta buɗe suka dawo gida, Coltun ya ba Ahmoudou ƴar ƙaramar na'urar ɗaukar murya, ya zo da ita Nijar ya tara mutane suka yi amshi, aka haɗa muryoyinsu a cikin faifan. Ƴan amshin da biza ta hana shiga jirgi sun shiga ta aljihun Ahmoudou.

A 2025 ɗin nan kuma mutum ukun da ke tsaye a baya, Ahmoudou da Souleymane da Coltun, suka fitar da nasu kiɗan da sunan Takaat, kalmar da ke nufin ƙara ko hayaniya a Tamajak. A nan Ahmoudou ne a gaba, shi ke waƙa, shi ke jan jita.